Likitan Sa Barci Ya Cika Tambaya

Anti, ki taimake ni kafin Alhamis, ranar za a yi wa maigidana aikin zuciya. Kafinta ne, bai taɓa kwana a asibiti ba sai wannan karon.

Likitan sa barcin ne ban yarda da shi ba. Shekaranjiya ya zo da ɗan littafinsa, ya ce iska za a ba maigida ya shaƙa. To amma mutumin gadon kusa da taga, shi ma aikin zuciya, ta jijiya aka zuba masa nasa, ga shi nan garau har yana faɗa da matarsa. Me ya sa namu daban? Gwaji za a yi da mijina? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ga shegen tambaya. Har sau biyu yana son jin ko maganin sa barci ya taɓa ba wani a danginsu matsala. Surukata ta mintsine ni, na ce babu. Gaskiya akwai: yayan maigida ya rasu wajen aikin ƙaba, yana shaƙar iskar jikinsa ya ɗau zafi kamar garwashi, ya sandare. Ba a zancen a gidan, tsoron surukata kada a fasa aikin. Ni kuwa gani nake likitan na neman inda zai jingina laifi ne in abu ya ɓaci. Tsoro nake ji, Anti.

Matar Kafinta

'Yar'uwa, tsoronki bai zama laifi ba, amma kin aje zarginki inda ba nan ba. Da iskar da ta jijiyar duk ana aikin zuciya da su, likita na zaɓa ne bisa jikin mara lafiya. Na gadon taga da jikinsa, mijinki da nasa. Ki tambayi dalili, haƙƙinku ne.

Abin da ya tayar min da hankali rasuwar yayan nan ce. Akwai wata matsala da ke bin jini, wadda irin wannan iskar ke tayarwa, kuma abin da kika kwatanta ya yi kama da ita. Ita likitan yake nema. Da amsarki ya yi zaɓinsa, ke kuma kin ce babu.

Surukarki ta binne ɗa ɗaya, ki tausaya mata, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau ɗin nan ki sanar da maigida, ku kira likitan, ki faɗa masa duk abin da kika faɗa min. Canza magani ya fi sauƙi a kan abin da shirun zai iya jawowa.

Allah ya tashi kafaɗarsa, ya sa ki ji ƙarar gudumarsa kuma.