Farantan da Suka Dawo Daga Bola

Japheth Dogara Bako,
Samaru, Zariya.
10 ga Disamba, 2007.

Zuwa ga:
Babban Jami'in Duba-gari,
Shiyyar Kasuwar Sabon Gari, Zariya.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: FARANTAN YARA DA ABIN WUYA MASU GUBAR DALMA

Bayan gaisuwa ta ban girma, ni ne mai suna a sama, tsohon akawun gwamnati mai ritaya. A taƙaice: an sayar wa gidana kayan yara masu guba, jikata ta kamu, na zubar da kayan, sun faɗa hannun wasu yara, kuma ana shirin raba irinsu ranar Kirsimeti. Ga bayanin.

1. Gab da bikin Ista, matata Edith ta sayo farantan ƙarfe huɗu masu fentin agwagwa, da abin wuya mai ɗan kifi, domin jikarmu Ƙauna, 'yar shekara uku da muke riƙo. Yarinyar ta ƙi cin abinci sai a farantin agwagwa. Kifin kuwa ta mai da shi abin tsotso. Mun yi ta dariyar hakan.

2. Daga watan Yuli ta fara ciwon ciki da rama da kukan da ba a san dalilinsa ba. An yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na taifot, an yi addu'a. Ranar 19 ga Nuwamba ta yi jijjiga a hannuna. Gwajin jini ya nuna dalma. Wani malamin kimiyya da muke majami'a ɗaya ya kankare fentin faranti da jikin kifin, ya auna, ya kawo mini sakamakon da kansa, bai ko iya zama ba.

3. Nan take na yi abin da mai ilimin boko zai yi: na ƙulle kayan a leda, na kai bola. Na manta cewa a Samaru ba a zubar da kaya, sai dai su canza gida. Cikin makon na tarar da 'ya'yan maƙwabciyata Clementina, mai tuyar ƙosai, suna shan miya a farantan. Na karɓo uku da ƙyar. Har yau tana ganin ƙyashi ne ya sa dattijo ya bi abin da ya yar. Na huɗun da abin wuyan, an ce 'yan gwangwan sun tsince. Ranka ya daɗe ya san su wa suke sayar wa ƙarfe: masu narkawa su ƙera tukwanen girki.

4. Na je wurin wanda ya sayar, Malam Okechukwu. Ba na zarginsa, domin autarsa ma da irin kifin a wuya na same ta, kuma a gabana ya tsinke shi. Kwalin kayan ba sunan kamfani, ba adireshi, sai hoton jariri yana murmushi. Abin da ya hana ni barci shi ne, ya ce wasu matan zumunta daga unguwar Jushi sun sayi kwali biyu domin kyautar yara ta Kirsimeti. Bai tambayi sunan cocinsu ba. Na zaga majami'un da na sani da ƙafata, ban dace ba.

5. Farantai ukun suna cikin akwatina, tare da takardun fanshona. In na binne su, akwai rijiya a gidan. In na ƙona, za mu shaƙi hayaƙin. In na yar, na riga na ga sakamakon.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi: a kwashe sauran kayan daga kasuwa, a aika sanarwa ga dukkan majami'un Jushi a karanta ranar Lahadi mai zuwa, a sanar da mahukunta na sama domin a riƙa auna kayan yara kafin su shigo, a kuma gaya mini inda ake kai guba ta zauna. Na yi shekaru ina rubuta "a ajiye sai an waiwaya" a kan takardun mutane. Ina roƙon kada a rubuta haka a kan wannan.

Abin da lamarin ya ci zuwa yau: kwana tara a asibiti, gaisuwar maƙwabciya ɗaya, faranti ɗaya da kifi ɗaya da ban san bakin da suke ciki ba, da maganar Ƙauna. A da takan rera waƙar makarantar Lahadi daga farko har ƙarshe. Yanzu kalmominta uku: Mama, ruwa, ciwo. Likita ya ce mu jira mu gani.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Naka mai biyayya,
J. D. Bako