Reshen Tuffar Mama da Murhun Gas

Gwaggo Lorraine, ki taimake ni. Shekara ashirin ina sayar da kayan gwanjo a kasuwar Asabar, har kujera mai ƙafa uku na taɓa sayarwa mai saye yana godiya, amma yau bakina ya mutu a gaban dattijo ɗan shekara tamanin da ɗaya.

Bara aka sa mini murhun gas a falo, kuma har yau ban saba ba. Ki danna maɓalli, wuta ta miƙe tsaf a bayan gilashi, shuɗiya daga ƙasa, rawaya a sama, ba hayaƙi, ba toka. Itatuwan ciki na yumɓu ne, wata da watanni wutar tana lasarsu ba su ragu ba. Gilles, wanda ya haɗa shi, ya nuna mini bututun da ya fita ta bango. Ashe biyu ne, ɗaya cikin ɗaya: na waje yana jawo iskar da wutar ke shaƙa, na ciki yana fitar da wadda ta huro. Wato wutar tana zaune a falona, amma a waje take numfashi. Ikon Allah! Na sha zama ina kallonta har shayina ya huce.

To, mahaifina, Baba Ostap, ya dawo wurina da zama tun kaka. Tun rasuwar Mama, kowace Kirsimeti yakan ƙona guntun reshe ɗaya na tuffar da ta dasa a gonarmu, mu zauna shiru har ya zama toka. An sayar da gonar. Guntaye uku suka rage masa, a naɗe cikin tawul. Yanzu ya kafe sai an buɗe gilashin an ɗora ɗaya a kan wutar. Da na ce ba a yi, sai ya ce wutar da ke tsoron itace ai talabijin ce. Ki ji fa. Kuma kada in ɓoye miki, jiya na ɓalle ƙugiya ɗaya cikin masu riƙe gilashin don in ga ko zai yiwu. Na mayar, amma ban tabbata ta zauna daidai ba. Saura kwana tara Kirsimeti. Reshe ɗaya tak, anya zai yi wani abu?

'Yar Gwanjo, Winnipeg

'Yar Gwanjo, da farko kada ki sake kunna murhun sai Gilles ya zo ya duba gilashin. Gilashin nan ne katanga tsakanin numfashin wutar da naku. In ya bar kafa, iskar gubar da wutar gas ke fitarwa, marar wari marar launi, za ta iya shigowa falo, kuma tsofaffi ta fi saurin kayarwa. Ki gwada na'urar da ke ƙara in ta ji gubar yau ɗin nan. In babu, ki sayo sabuwa, ban ce gwanjo ba.

Reshen kuwa, zai yi. Tokarsa za ta toshe 'yan ramukan da gas ke fita, zafi ya wuce abin da aka ƙera murhun ya ɗauka, gilashi ma yana iya tsagewa. Abin da ke ba ki mamakin nan awo ne, gas kaza, iska kaza. Ko tsinke ba a ƙara masa.

Amma Baba ma da gaskiyarsa. So yake ya ga abu ya ci ya cinye, ƙamshin ya kama rigarsa, murhunki kuwa duk kyansa bai iya wannan ba. Ki ajiye bakin ciniki. Ki samo kaskon wuta na ƙarfe irin wanda dokar gari ta yarda da shi, ki share ƙanƙara a bayan gida, nesa da bango. Ki kai masa kujera da bargo tun da sauran rana, ki miƙa masa ashana ya kunna da kansa.

Allah ya ja kwanansa, ya ƙona ukun nan da hannunsa, kina gefensa lafiya lau.

Gwaggo Lorraine