Usur ɗin da Mabel Ba Ta Ji

Litinin, 4 ga Mayu

Na koma aiki yau, mako shida bayan tiyatar kafaɗa. Wendell, shugabanmu, ya tare ni a ƙofar ɗakin kifi da kofi biyu a hannu. Mutumin da bai taɓa saya mini ko ruwa ba, tun daga nan na san da magana. Wai likita ya hana ni iyo da ɗaga bokiti, saboda haka an mai da ni wajen kunamun ruwa, kifayen nan masu ƙari a wutsiya, kafin a ga abin da hali zai yi.

Shekara ashirin da biyu ina aiki da dolfin, dabbar tekun nan mai kama da babban kifi, a wannan gidan kallon dabbobin ruwa. Yau ga ni a bakin kududdufin da bai kai gwiwa ba, ina ce wa masu yawon buɗe ido, ku taɓa da yatsa biyu, a hankali, ban da wutsiya.

Mabel kuma, tsohuwar dolfin ɗinmu, an ba wata sabuwar ma'aikaciya, Yesenia, 'yar Miami. Mabel tawa. Duk zaman jinyata ba a sa ta komai ba, ciyar da ita kawai ake yi ana jirana. Ashe ba ni ake jira ba.

Laraba, 6 ga Mayu

Hollis, tsohon masuncin da ke kula da kunamun, ya ga usur ɗina a wuya ya bushe da dariya. "Sarauniya, barka da saukowa wajen talakawa. Wannan abin wuyan fa? Mutanena ba su san busa ba, ƙamshi suke bi." Na ce ya ji da tsufansa.

Kunamun nan abubuwa ne kamar faifai, ido a sama, baki a ƙasa, ko ƙashi ba su da shi, guringuntsi ne zalla. Ka dunƙule hannu da jatan lande tsakanin yatsu, su hau kai su zuƙe. Ba mai kallonka. Ba wanda ya san ko kai ne jiya.

Daga inda nake tsaye ina hango dandamalin katakon Mabel sarai. Da ma ba na hangowa.

Alhamis, 7 ga Mayu

Yesenia ta zo da littafinta da biro. Tana da digiri biyu, haƙora farare tas, ga ladabi mai ban haushi. "Mis Lorna, don Allah ki faɗa mini komai a kanta, ke kika san ta."

Na faɗa mata. Shekarunta arba'in da ɗaya, haƙoranta sun cinye, ƙananan kifi take so kuma ta wajen kai ake miƙa mata su. Ƙwayar magani a cusa cikin kifi na uku, in aka sa a na farko sai ta tofar. Ba ta son a tsaya mata a ka da laima. Yarinyar tana ta rubutu tana gyaɗa kai.

Na faɗa mata komai, ban da abu ɗaya. A nan dai zan rubuta shi tunda ba mai karantawa.

Mabel ba ta jin usur. Shekara biyu ke nan. Tsufa ya cinye mata siririyar ƙara, sai mai kauri take ji. A aikinmu kuwa busar usur ita ce "kin yi daidai, zo ki karɓa". In babu ita, dabba ba ta san ko ta yi ko ba ta yi ba. Da na gane, sai na koya mata wata alama a ɓoye: ƙwanƙwasa katako sau biyu, da dunduniya in ina tsaye, da hannu in ina durƙushe. Usur ɗin ina busa shi ne don idon mutane. Abokan aiki har tsokanata suke yi wai ina taka rawa. Ban rubuta a littafin aiki ba don kada Wendell ya ce ta tsufa, ya kai ta tafkin baya ya raba mu.

Wancan dalilin na da ne. Na yau daban ne, kuma na san shi.

Asabar, 9 ga Mayu

Wasan ƙarfe biyu. Yesenia ta ba da alama, Mabel ta yi tsalle mai kyau, aka busa usur, ita kuwa ta ci gaba. Ta sake tsalle, ta sake, tana jiran a ce mata ya isa. Daga ƙarshe ta watsa wa yarinyar ruwa ta yi tafiyarta. 'Yan kallo suka tafa, sun zaci cikin wasan ne.

Na ji daɗi. Har cikin raina na ji daɗi, ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Digiri biyu!

Talata, 12 ga Mayu

Yankan ƙarin kunamu yau. Hollis ya kama su ɗaya bayan ɗaya da raga mai taushi, ni na rufe musu ido da jiƙaƙƙen tawul, ya datse ƙarin wutsiyar da almakashi. Kamar yankan farce ne, ba ciwo, bayan 'yan watanni ya sake fitowa. Ya nuna mini tabon idon sawunsa, inda wata ta sakar masa yana saurayi. "Laifina ne, ni na taka ta. Ba sa neman kowa da faɗa."

Akwai wata babba mai tsaga a fiffiken hagu, bayanta ya yi tudu. Hollis ya ce ciki ne. Ya kama hannuna ya ɗora, na ji abu yana motsi ƙarƙashin fatar, santsi kamar jiƙaƙƙen sabulu. Na janye hannuna. Ba na so in saba da su.

Juma'a, 15 ga Mayu

Wendell ya wuce ta wajenmu sau biyu. Zai zo nemana. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani.

Lahadi, 17 ga Mayu

Dale, mijina, ya soya kifi a bayan gida, na ba shi labarin yadda Mabel ke wahalar da yarinyar ina dariya. Ya daɗe yana juya kifinsa, sannan ya ce, "Ita dabbar fa, daɗi take ji?" Na tashi na bar masa abincinsa.

Talata, 19 ga Mayu

Na leƙa littafin aiki a ɗakin kifi. Rabin bokiti Mabel ta ci jiya. Shekaranjiya ma haka. Ba ta tsayawa a dandamali, kifi biyu uku sai ta juya ta tafi can kusurwa ta yi lamo.

Fushi ne kawai. Na san fushinta.

Na sami Yesenia tana wanke bokitai idonta jawur. Ta ce, "Mis Lorna, ba ta so na. Na yi duk abin da kika ce." Na ce, "Sabo ne, sai a hankali." Bakina ne ya faɗi haka, kuma ko rawa bai yi ba.

Laraba, 20 ga Mayu

Kifi huɗu Mabel ta ci yau.

Dolfin ba ta shan ruwan teku. Duk ruwan jikinta daga kifin da ta ci yake fitowa. Wanda bai ci ba bai sha ba, ga zafin nan, ga ƙodar tsohuwa. Ni na koya wa rabin ma'aikatan gidan nan wannan karatun.

Likita Sawyer, likitar dabbobinmu, tana son jinin Mabel don gwaji. Aikin da muka fi iyawa ke nan ni da Mabel: ta kwanta rigingine, ta ɗora wutsiyarta a cinyata, a soka allura a jijiyar ƙasa, ko motsi ba ta yi. Yesenia ta gwada sau uku. Mabel takan kawo wutsiyar, ta jira a ce mata ta yi daidai, ta ji shiru, sai ta fizge.

Ba a kira ni ba. Wendell ya ce fizga ɗaya ta isa ta ɓalle mini ɗinkin kafaɗa.

Alhamis, 21 ga Mayu

An fito da taru an shimfiɗa a rana. In gobe da safe ba ta ba da jini da kanta ba, mutum takwas za su shiga ruwa su kewaye ta su danne. Na taɓa ganin an yi wa wani tsohon namiji haka shekarun baya, numfashinsa ya sarƙe a hannunmu, da ƙyar ya dawo. Shi kuma bai kai shekarun Mabel ba.

Ina ba kunamu abinci ina kallon tarun, jatan lande suna zubewa daga hannuna. Hollis bai kalle ni ba, yana goge gefen kududdufin ya ce, "Sarauniya, shekara nawa ina zaune a nan ina kallon rawar nan taki. Sau biyu kike takawa, kullum sau biyu, kuma sai kin taka sannan kifin nan take juyowa. Ni dai ban yi boko ba."

Na ce dolfin ba kifi ba ce.

Ya ce, "To. Ke kika sani."

Abin da nake so shi ne su zo su roƙe ni. In durƙusa a dandamalin nan kowa na kallo, ta ba ni wutsiya, yarinyar ta tattara littafinta ta koma Miami. Mako biyu ke nan ina jiran wannan ranar, Mabel kuwa ita ke biya da cikinta. Kishi ne, ba wani sunan da zan sa masa. Mace mai shekara hamsin da uku tana kishi a kan dabba.

Juma'a, 22 ga Mayu

Ƙarfe bakwai na safe na isa dandamali, maza sun fara sa rigunan ruwa. Na ce wa Wendell ya ba ni minti goma. Na ja Yesenia gefe na faɗa mata, a gaban Likita Sawyer, don kada in sami hanyar janyewa.

Ta tsaya tana kallona. "Tun yaushe?"

Na ce shekara biyu.

"A'a, Mis Lorna. Tun yaushe kika san abin da ke hana ta zuwa wajena ke nan?"

Ta juya ta koma bakin ruwa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na durƙusa a gefenta. Mabel ta taso daga kusurwa a hankali, ta fesar da numfashi, warinsa ba daidai ba. Ta juya gefe ta dube ni da ido ɗaya, ta daɗe. Hannuna har ya tashi da kansa zai ƙwanƙwasa, na danne shi ƙarƙashin cinya. In ni na yi, gobe ma sai an nemo ni, jibi ma haka, kafaɗar nan kuwa ba ta da ranar warkewa.

Na ce wa yarinyar, "Ba ta alama. In ta kawo, ki buga katako sau biyu, da ƙarfi."

Mabel ta juya, ta ɗora wutsiya. Ƙwas, ƙwas. Wallahi na ga jikinta ya saki tun daga ka har ƙasa. Allura ta shiga, kwalba ta cika, ba ta motsa ba. Yesenia ta sake ƙwanƙwasawa, Mabel ta mirgino ta buɗe baki, ta karɓi kifi bakwai a jere daga hannunta. Daga hannunta.

Aka naɗe taru. Na tafi ɗakin kifi na buɗe littafin aiki na rubuta komai da hannuna, da kwanan watan da na fara ganewa, na sa suna. Sannan na shiga ɗakin ƙanƙara na rufe ƙofa na yi kukana.

Litinin, 25 ga Mayu

Sakamako ya fito: ƙarancin ruwa a jiki da gyambon ciki. Likita Sawyer ta ce an tare shi, amma da an sami jinin mako guda kafin nan da bai kai haka ba. Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Wendell ya ba ni takardar gargaɗi, ta farko a rayuwata, na sa hannu ba musu.

Yesenia tana gaishe ni, gaisuwa kawai.

Asabar, 13 ga Yuni

Gladys ta haihu da hantsi, huɗu. Mai tsaga a fiffike nake nufi, ban san ranar da na fara kiranta haka ba. Kowanne ya fito a nannaɗe kamar tabarma, ya warware, ya kama iyo nan take, bai fi tafin hannuna ba, da ɗan ƙarinsa da komai. Mun kwashe su zuwa ƙaramin baho. Uku sun ci yankakken jatan lande, na huɗun ya ƙi, na zauna da shi fiye da awa guda sai da ya zuƙa. Hollis ya ce, "Sarauniya ta zama ungozoma." Na watsa masa ruwa. Kuma ƙarya na yi a baya da na ce ba su san kowa ba, Gladys ta san hannuna, ko Hollis ya miƙa nasa wajena take zuwa.

Mabel tana cinye bokitinta. Da rana na ji ƙwas ƙwas daga can, na ji tafi. Ya soke ni, ba zan ce bai soke ni ba, amma ban ɗaga kai ba, ina riƙe da na huɗun.

Yesenia ta ajiye mini kofi irin na mutanen Kuba a gefen baho ta wuce. Sukari ya yi yawa. Na shanye.

Wendell ya ce in kafaɗa ta warke a watan Agusta za mu yi magana. Na ce sai na ga yadda ƙananan nan suka yi tukuna.

Sai da na zo cire riga a gida na lura ban rataya usur ba yau. Dale ya ce tun ranar Talata yake rataye a ƙusar bayan ƙofa.