Kwana Goma Sha Ɗayan Mama a Cikin Rikoda

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi mini dariya in kin ga maganar rikodar kyamara na kawo miki. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina gogewa. Na rasa wanda zan faɗa wa ne, don masu sayar da na'ura ba su da lokacin jin labarin mahaifiyata, masu jin labarin mahaifiyata kuma ba su san komai a kan na'ura ba.

Aikina yanka gilashin tabarau ne, a wani ɗan ɗaki bayan shagon gwajin ido. Gidanmu na da nisa, tafiyar awa tara a mota in hanya ta yi kyau. Mu uku ne: Yaya direban babbar mota, rabin rayuwarsa a kan titi, Auta tana aure a wata ƙasa, sai ni a tsakiya. Shekara huɗu da suka wuce Yaya ya sa aka kafa wa iyayenmu kyamarori uku, ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a tsakar gida, ɗaya tana kallon barandar da suke zama. Dukkansu suna zuba abin da suka gani a cikin wani baƙin akwati, wato rikodar, da ke saman kabad ɗin falo. Aka ce mana daga ko'ina za mu riƙa ganin tsofaffinmu. Ashe ko'inan nan kwamfuta ɗaya ce tak, tsohuwar tawa, don sai an liƙa wa burauza wata 'yar manhaja kafin hoto ya fito, sababbin burauza kuma sun ƙi karɓarta. Kwamfutar wurin aikinmu ba a yarda a saka mata komai. Wayar Yaya ta yi wata shida tana nunawa, ranar da ya sabunta ta abin ya tafi bai dawo ba. Ta Auta kuwa ko gaisawa ba su taɓa yi da rikodar ba. Sai ya zama ni kaɗai ce mai gani, ni ma sai ranar hutu.

Mama ta rasu wata bakwai ke nan, Allah ya jiƙanta. Ba ta yi jinya ba. Ran kwana uku da rasuwarta, gida cike da mutane, ina tsaye ina wanke kofuna, sai na tuna mai kafa kyamarorin ya taɓa cewa rikodar kwana goma sha huɗu kawai take riƙewa, sabo na shiga tsoho na fita. Wato duk awar da masu gaisuwa suka yi suna shige da fice, awa ɗaya ce ta Mama ke gogewa. Hannuna da kumfa na hau kujera, na zare wayoyin, na naɗe akwatin a mayafinta, na tura ƙasan jakata. Ban gaya wa kowa ba.

Yanzu yana kan teburina, kusa da taga. In na taso aiki da yamma sai na jona shi da tsohuwar kwamfutar, na zauna. Anti, kwana goma sha ɗaya suka rage, kuma na haddace su. Babu sauti, ba a sa abin ɗaukar murya ba. Mama na fitowa da kwandon wanki a kwankwasonta, tana tafiya a hankali kamar cikin ruwa. Inuwar igiyar shanya na ratsa bango, ta sauko ƙasa, ta hau ƙafarta. Tana yi wa shukokinta na cikin gwangwani magana, ina ganin bakinta na motsi, na san faɗa take musu, don ɗan yatsan nan nata yana sama. Akwai safiyar da ta tsaya cak a tsakar gida ta ɗaga kai tana kallon wani abu da kyamarar ba ta kai ba, minti biyu cur, tana murmushi. Na maimaita wurin ya fi sau ɗari, har yau ban san me ta gani ba. Wata rana na ce tsuntsu ne, wata rana gajimare, wata rana na ce kiranta aka fara yi.

Ran Alhamis an yi ruwa. Ta miƙa hannu daga baranda tana tarar ɗigon, ta shafa a wuya kamar yarinya. Bayan nan barci ya ɗauke ta a kujera, zare da allura a cinyarta. Baba ya zo ya tsaya a kanta, ya zare mata tabarau a hankali, ya goge da bakin rigarsa, ya ajiye a inda hannunta zai samu. Ni na yanka gilashin nan. A iya sanina ban taɓa ganin Baba ya taɓa fuskar Mama ba sai a wannan allon.

Ban san yadda zan faɗa miki ba tare da ki ce na taɓu ba. Ji nake tana zaune a cikin akwatin nan, kwanakin suna zagayowa, wankin na bushewa ana sake shanya shi. In na rufe kwamfutar sai na ga kamar ta ci gaba da hidimarta ba tare da ni ba. Wani lokacin ina cikin aiki, ruwan injin na gudu a kan gilashi, sai na ɗaga gilashin ga haske na hango tsakar gidanmu a ciki.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Watan jiya Baba ya zame a gindin famfo da safe, ƙugunsa ya bugu, ya kasa tashi. Shi kaɗai ne a gidan. Awa uku yana kwance kafin maƙwabciyarmu ta leƙo. Ita ta gaya mini ta same shi yana ɗaga hannu yana yi wa kyamarar tsakar gida alama. Kyamarorin suna nan a bango, 'yar jar fitilarsu na ci, don wutarsu daban take. Bai san babu abin da ke bayansu ba. Ashe duk wata bakwai ɗin nan kullum da safe sai ya tsaya ya ɗaga mana hannu, yana zaton ɗaya daga cikinmu na kallo.

Na gaya wa Yaya gaskiya, ya wanke ni tas. Ya ce na zaɓi wadda ta tafi na bar wanda ke raye. Baba dai an ce masa intanet ce ta ɗauke ranar. Yanzu Yaya ya yi magana da mai kafa kyamara, za a sa sabuwar rikoda, kuma an ce na aiko da tsohuwar a cire faifan ajiyarta a mayar cikin sabuwar, tunda lafiyarsa lau. Wani abokin aikina kuma ya ce sabuwar rikoda in ta ga tsohon faifai, abin da za ta fara yi shi ne ta share shi. Tun ranar nake kawo uzuri, yau mota gobe aiki, Baba kuma yana can da sanda ba mai ganinsa.

Anti, gaskiya ne za a share ta? Kuma wace irin rikoda za mu zaɓa da za ta buɗe a burauzar wurin aikina, da Android ɗin Yaya, da iPhone ɗin Auta, kada a sake barin mutum ɗaya da gadin gida, musamman mutum irina?

Taki,
Mai Yanka Tabarau

Ƙanwata Mai Yanka Tabarau,

Allah ya jiƙan Mama, ya ba Baba lafiya. Ba ki taɓu ba, kewa ce, kuma da ba ki hau kujerar nan ba da yanzu babu ko minti ɗaya. Amma Yaya ma yana da gaskiyarsa. Laifinki ba ɗaukar akwatin ba ne, shirun da kika yi ne. Abin daɗin shi ne ba sai kin zaɓi tsakanin iyayenki ba.

Abokin aikinki bai yi ƙarya ba. Yawancin rikodoji sukan nemi share faifan da aka kawo daga wata kafin su fara aiki da shi. Saboda haka tsohon faifai ba ya zuwa ko'ina, a sa wa sabuwar nata sabo, irin wanda aka yi don naɗi ba tsayawa. Ki faɗa wa Yaya haka yau, kada jiran akwatinki ya ƙara wa Baba ko kwana ɗaya.

Sai dai ki sani, yadda kike riƙe da Mama ɗin ma akwai haɗari. Faifan da ya yi shekara huɗu yana juyawa zai iya tsayawa ba sallama. Ki jona rikodar da talabijin kai tsaye, ki sa mata linzamin kwamfuta, ki nemi wurin kwafe bidiyo a cikin jerin ayyukanta. Ki zaɓi MP4 ko AVI in ta ba ki zaɓi, don su ne ke buɗewa a kusan kowace na'ura. Ki fara da wuraren da kika haddace a filash, sauran a bi da su kan faifai na waje, don suna da nauyi. Ki gwada abin da kika kwafa a wata kwamfutar, ki yi kwafi uku. In za ki nemi mai gyara, a gabanki zai yi, kuma kada a jona mata kyamara ko ɗaya, don kada sabon naɗi ya goge na Mama.

Sabuwar kuma kada ku yarda da rubutun jikin kwali, shi ya cuce ku da farko. Ki je shagon da kanki. A buɗe miki ita a burauzar da ba a ƙara wa komai ba, ki ga hoton kai tsaye, ki kuma ga naɗin jiya, don wasu suna nuna na farko su gaza na biyu. In ta ce sai an sauke wani abu, ki yi godiya ki wuce. Ki kashe intanet ɗin shagon a wayarki ki gwada da datarki. Kina tsaye a wurin ki kira Yaya da Auta, a ba su izini na ɗan lokaci, kowa ya buɗe daga inda yake. Ki tambaya ko kamfanin na sabunta manhajarsa, ko rikodar tana iya rage nauyin hoto saboda Yaya da ke bin hanyoyin da sabis ba ƙarfi, ko za ta karɓi kyamarorin da ke bangonku, ko kuma tana aiko da saƙo waya in ta mutu. Wannan na ƙarshen kin fi ni sanin amfaninsa. Bayan an kafa, ki gwada ta daga kwamfutar wurin aiki da izinin mai shago kafin ku sallami mai kafawa. Kowannenku da sunansa da kalmar sirrinsa, a canza wadda ta zo da ita ranar farko, a kuma sa wa rikodar da na'urar intanet batirin ko-ta-kwana.

Duk da haka kyamara ba ta ɗaga wanda ya faɗi. Ku raba lokutan dubawa tsakaninku uku, ku sa wa Baba ƙaramar waya a aljihu, ku roƙi maƙwabciyar nan ta riƙa leƙawa, Allah ya saka mata.

Saura abu ɗaya da ban gani a wasiƙarki ba. Kin ce kin kalla sau ɗari, ba ki ce Baba ya kalla ko sau ɗaya ba. Ke uwa kika rasa, shi matarsa ce, kuma a gidansa aka ɗauki hotunan. Ki nemi hutu ki tafi da kanki ranar da za a kafa sabuwar. Ki gaya masa ba intanet ce ta ɗauke ba, ke ce, ki nemi gafararsa. Zai yiwu ya yi fushi, ki jure. Sannan ki tambaye shi ko yana son ganinta. In ya ce a'a, ki bar masa kwafinsa a aljihun tebur. In ya ce e, ki jawo kujera kusa da tasa, ki kunna, ki yi shiru.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki tarar da shi da sauƙi.

Antinki