Ya Ja Kujerar Baya

Daren Alhamis, unguwar Sharafiyya

Yau aka yi bikin ɗan kafili, wato ubangidana Balarabe da nake wa tuƙi. Tun safe nake goge tsohuwar Rolls-Royce, wadda ni kaɗai nake tayarwa duk Juma'a don kada batir ya mutu. Da za a ɗauko amarya, sai kafili ya miƙa wa Bashir, sabon direba, mukullinta.

"Kai Sani, biyo mu da motar abinci, yalla."

Wai jallabiya ta fi karɓar Bashir! Ina bayansu har Kornish, titin bakin teku, ana ta ɗaukar hoto, yana ɗaga hannu kamar motar ubansa ce. Na taya Bashir murna, na ce masa mabruk, amma Allah ya ga zuciyata.

Ɗazu na shiga Rolls-Royce ɗin in gyara mata tsayuwa. Ashe Bashir ya ja kujerar direba baya. Ƙafata ko birki ba ta kaiwa.