Na Gano Abin da Ya Kaɗa Kiɗanka, Yaya

Zuwa ga Yayana Lawali, a duk ƙasar da wannan ta same ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ƙanwa ga wanta, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, ina kuma fata akwai mai tambayarka ko ka ci abinci. Ban san inda zan aika wannan wasiƙa ba, shi ya sa na ajiye ta nan a intanet inda kowa ke wucewa. Masu karantawa su yi haƙuri, da kai nake.

Mu dai muna nan. An yi girbi, gero bai yi laifi ba. Har yanzu ina koyarwa a lakwal, makarantar yara, a Tanut, ƙarshen mako in bi motar kasuwa zuwa ƙauyenmu na wajen Gangara. Inna ce ba yadda ka bar ta ba. Tana ci tana sha, amma sunaye sun fara zube mata. Ni takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. Kai kuwa, da a da ba ta kai loma baki sai ta ce ko Lawali ya ci, tun damina ba ta ambace ka ba. Na nuna mata hotonka, ta duba da kyau ta ce yaron kirki, ɗan gidan wa ne. Na zagaya bayan rumbu na yi kukana na dawo.

Abu ɗaya ya rage mata. In tana tsince wake, sai ka ji tana rera wani ɗan sauti ta hanci, ta kai tsakiya ya ɓace mata, ta tsaya tana kallon hannunta. Kiɗanka ne, Yaya.

Ka tuna shagon buga takardu na bakin tasha inda Baba ya kai ka koyon aiki? Akwai tsohuwar kwamfuta a can mai wasa a ciki, wani ɗan jirgi da ke ratsa kogo yana kauce wa duwatsu. Ba ka taɓa iya wasan ba, kada ma ka yi musu, kullum a bakin kogon kake mutuwa. Kiɗan ne ya kama ka. Ka saci rikodar Baba ka jona ta a wutar shago, ka manna ta jikin lasifika, ka ɗora kiɗan wasa a kan kaset ɗin wa'azinsa. Kunnenka ya sha murɗa ranar, amma kaset ya zama naka.

A gida ba wuta sai batir, sababbi kuma na tocilan Baba ne. Sai ta gama da su suke zuwa hannunmu. Ni ce mai jera su a kan katanga su sha rana, kai ka ɗan cije su da haƙori, a mayar cikin rikoda. In kiɗan ya fara gurnani, Inna ta ɗago daga bakin turmi ta ce, "Lawali, cire batiran nan ka shanya, ba ka ji sun gaji ba?"

Musunmu kuma ka san shi. Kai ka rantse sarewa ce irin ta makiyayan Tenhya, da gurmi a ƙarƙashinta, wai wata rana sai ka gano wanda ya busa. Ni na ce inji ne kawai, don in ba ka haushi. Ranar da ka tafi arewa neman aiki, kaset ɗin na cikin aljihun rigarka. Ka kira daga Agadas, ka kira daga gaba da can, daga nan shiru.

To da na ga kiɗan na kuɓuce wa Inna, sai na ce zan nemo mata shi. Shagon ya daɗe da zama wurin sayar da taliya, sunan wasan kuma ban taɓa sani ba. Na rera kiɗan da bakina na ɗauka a waya, na sa a wani zauren intanet na masu son tsofaffin wasanni, da ɗan Faransancina. Kunya kamar in nutse. Makonni ba wanda ya tanka. Kullum in an tashi yara in zauna ni kaɗai a aji, inda rezon waya ya fi kamawa, in duba, in rufe.

Sai wani dattijo daga wata ƙasa mai sanyi ya amsa. Ya ce ya gane wasan, amma sai da ya ƙara wa muryata sauri, wai na rera shi kamar a gidan makoki. Na ji haushi, na ce wannan me ya sani. Ya turo mini kiɗan.

Yaya, gudu yake yi. Tsalle-tsalle, siririyar murya kamar ta tsako. Na kai wa Inna na kunna, ta saurara kaɗan, ta ce in kashe abin nan yana damunta.

A motar komawa na gane. Batiranmu ne. Duk shekarun nan rikodar ja take yi, kiɗan ya yi nauyi ya sauka ƙasa, mu kuma muka ɗauka haka Allah ya yi shi. Kai ka san asalin gudunsa tunda kana ji a shago, amma ko fito za ka yi da baki, namu na gida kake yi. Ba ka taɓa faɗa mana ba.

Na koma wajen dattijon na ce ni na gidanmu nake so, yaya za a yi. Ya ce sai na san manhajar da aka haɗa kiɗan da ita, don a cikinta ne ake iya kwance shi. Ya koya mini yadda ake leƙa cikin fayil ɗin, inda wasu ƴan haruffa ke nuna manhajar da ta ajiye shi. Na kwafe su, na yi ta nema har na samu. Wata tsohuwar aba ce da wasu samari suka ƙirƙira don sha'awa tun kafin a haife mu, an daɗe da barin ta. Na sa ta a kwamfutar lakwal, ta ƙi tashi, na yi ta fama da ita har ta yarda.

Ga amsarka. Ba makaɗi, ba taro. Baƙin allo ne da layukan lambobi suna hawa sama, kowane layi murya guda. Wani mutum ne ya zauna shi kaɗai ya buga su ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe ina kallon allon ina tunanin ɗakinsa, ko shi ma yana da wanda yake jira. Amma ba zan ce na ci musu duka ba. Akwai sarewa a ciki, busa ɗaya tak, gajeriya, ita ya yi ta ɗagawa yana saukewa har ta zama waƙa. Gurminka dai babu shi, ka haƙura.

Na rage lambar gudu. Bai yi ba. Na sauke muryoyin ƙasa, na sake ragewa, ina ji ina gyarawa, har wata la'asar ya fito sak na gidanmu, na ji kamar zan waiwaya in gan ka a gindin katanga. Ba kowa a ajin sai kujeru.

Asabar ɗin nan na kai mata. Na ajiye wayar a bayan ƙwarya na kunna. Hannunta ya tsaya cikin waken. Ta bi kiɗan ta hanci, ta wuce inda take maƙalewa, ta kai shi har ƙarshe. Sannan, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Lawali, cire batiran nan ka shanya, ba ka ji sun gaji ba?"

Na jira ka amsa, wallahi na jira. Da na ji shiru sai na ce to, Inna. Na ciro batiran tocilana na jera su a kan katanga, inda ka sani.

Allah ya tsare ka in kana raye, ya karkato da zuciyarka gida tun sunanka na bakinta. In kuma ka riga mu, Allah ya haskaka makwancinka, ya sa wani ya yi maka sutura da hannu mai tausayi. Batiran na nan a rana, ban cije su ba, wannan aikinka ne.

Ƙanwarka mai musu,
Zuwaira