Na Warke, Maigida Ya Koma Gyaran Gado

Anti, ki taimake ni, dariyata na neman ɓata min aure.

Bara war haka ko labulen ɗakina ba na iya ɗagewa. Ciwon damuwa ya kwantar da ni, yara su tafi makaranta su dawo ina nan inda suka bar ni. Maigidana kafinta ne, shi ya rufe shago ya kai ni asibiti, likita ya ɗora ni a kan wata 'yar ƙwaya. Anti, na dawo! Ina wanke-wanke ina waƙa, na yi wa kicin fenti da hannuna, jiya har tsallen igiya na yi da autata, maƙwabta na leƙe. Komai daɗi yake min, sai abu ɗaya. Kin gane ai. Sha'awa ta yi tafiyarta ko sallama babu. Ina son mutumin nan kamar raina, amma in ya matso, jikina shiru kamar an ɗauke wuta.

Shi kuma bawan Allah bai iya magana ba, gyara ya iya. Sai ya ɗauka ƙarar gadonmu ce ke sa ni jin kunyar yara. Ya kwance shi ya ɗaure, ya sauya katako, ya sayo katifa, ya kafa wa ƙofa sakata ƙatuwa irin ta shago. Rannan na tarar da shi yana sukuwa a kan gadon yana kasa kunne, ga fensir maƙale a kunnensa. Na yi dariya har na zube ƙasa. Shi bai yi ba. Ya kwashe kayan aikinsa ya fita, tun ranar bango yake fuskanta in ya kwanta. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ina zargin ƙwayar, amma likitan sa'an ƙanina ne, da wane baki zan faɗa masa? Na ce bari in daina sha a ɓoye, tunda ai na warke. Ko ya kika gani?

Matar Kafinta

Ƙanwata, barka da samun lafiya, ni ma sai da na dara. Amma wannan shawarar taki, ajiye ta. Kada ki tsayar da maganin da kanki. Ciwon na iya dawowa, kuma yanke maganin farat ɗaya kan kawo jiri da rashin barci. Waƙar da kike yi a kicin, da hannun ƙwayar a ciki.

Zarginki na iya zama daidai. Irin waɗannan magunguna kan rage sha'awa, ga maza da mata, kuma likitoci sun saba jin wannan ƙorafi. In bakinki ya yi nauyi, nemi likita mace. Ana iya rage maganin ko a sauya wani, amma aikinsu ne. Haɗe-haɗen kasuwa kuwa, kada ki kusance su.

Sai maigida. Mutumin nan ya yi jinyarki, yana kallo kin dawo wa kowa, har igiyar tsalle ta samu rabonta, shi ne bai samu ba. Da kika yi dariyar nan, ya ɗauka shi kike yi wa. Ki zaunar da shi da rana tsaka, ki faɗa masa abin da kika faɗa min, musamman inda kika ce kina son sa kamar ranki. Ki ce gadon ba shi da laifi, shi ma haka. Sannan ku koma asibitin tare, ai ya san hanya.

Allah ya ƙara lafiya, ya nuna muku ranar da sakatar nan za ta yi aikinta.